Riƙon hon da hannun hagu: maɗaurin fata ko ƙafar agwagwa?

Autan Sashe:
Assalamu alaikum manyanmu da 'yan uwa masu busa. Shawara nake nema a kan riƙon ƙahon Faransa, wato hon. Wanda aka ba ni a ƙungiyarmu mai ɓangare biyu ne, F da B filat, kuma yana da nauyi. Damuwata hannun hagu. Nauyin duk a kan ƙaramin yatsana yake sauka, wanda ke cikin ƙugiyar riƙo da aka liƙa a jikin ƙahon. In atisaye ya yi tsawo sai yatsan ya mutu, wani lokacin har gefen tafin hannu. Ga shi bawul na uku, cikin waɗanda ake dannawa a sauya sauti, ba ya yi mini sauri, don yatsan zobe kamar a ɗaure yake. Na ga ana sayar da abu biyu: maɗaurin fata da ake zura hannu a ciki, da wani ɗan ƙarfe da ake ce wa ƙafar agwagwa. Wanne ya fi sauƙi a hannu? Ku sani dai ƙahon ba nawa ba ne, na ƙungiya ne.

Baba Sajan:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka kashe ko kwabo, faɗa mini, hannunka na dama me yake yi a cikin ƙwaryar ƙahon, wato faffaɗan bakin da sauti ke fita? Yawancin yaran da ke kawo mini wannan kukan, in na duba sai in tarar hannun dama a kwance yake a ciki, ba ya ɗauke da komai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kana tsaye, ƙwaryar a kan babban yatsa da gindin manuniya na hannun dama take zama, su ne ke tallafe mafi yawan nauyin. Aikin hagu shi ne saita bakin busa a leɓe da danna madannai. Mu da ƙugiyar nan kawai muka yi fareti shekara da shekaru a cikin rana. Gyara riƙo tukuna.

Autan Sashe:
Na gode Baba. In ina zaune nakan ɗora bakin ƙwaryar a cinya, to da sauƙi. A tsaye ne abin ke tsananta. Zan lura da hannun daman.

Malama Talatu:
Salama gare ku. Baba, maganarka gaskiya ce, amma ina roƙon ka bar mini rabin ta. Hannun Baba daban, nawa daban. Ni hannuna ƙarami ne, kuma yawancin waɗanda nake koya wa a coci yara ne da 'yan mata. Masana'anta tana liƙa ƙugiyar nan a wuri ɗaya ga kowa, gwargwadon hannun babban namiji. Mai ƙaramin hannu sai ya baje yatsu iyakar bajewa kafin babban yatsa ya kai madanninsa, ƙarami kuma ya kai ƙugiya. Hannun da ke baje haka ba shi da sauran ƙarfin da zai yi sauri. Komai kyan riƙon dama, wannan tazarar tana nan. Na ga yarinya mai kunne mai kyau, mai sauti mai daɗi, ta ajiye hon ta koma sarewa saboda ciwon hannu kawai, kuma har yau abin yana damuna.

Auta, ka yi wannan gwajin: ka ɗora yatsu uku a kan madannai yadda suka fi sakewa, babban yatsa a wurinsa, sannan ka bar ƙaramin ya faɗi inda ya ga dama. Ka duba tazarar da ke tsakanin inda ya faɗi da inda ƙugiyar take. Wannan tazarar ce za ta faɗa maka komai.

Mai Gyaran Kayan Busa:
Malama ta taɓo inda ya kamata. Bari in ƙara daga ɓangaren aikina.

Hon mai ɓangare biyu yana kai kilo 2.5 ko kusa da haka. Dalili, bututu biyu ne aka naɗe wuri ɗaya: na F ya kai kusan mita 3.7, na B filat kusan mita 2.7, ga bawul huɗu da bututan gyaran sauti ninki biyu. Kamfanin Kruspe na garin Erfurt a Jamus ne ya fara fitar da irinsa a 1897. Kafin nan hon mai ɓangare ɗaya ake busawa, wanda bai kai wannan nauyi ba. Ƙugiyar ƙaramin yatsa kuwa ta ci gaba da zama kamar yadda take, nauyi ya ƙaru ita ba ta ƙaru ba.

Abubuwan da nake fara dubawa kafin maganar sayen wani abu su ne waɗanda ba sa cin kuɗi. In madannanka da zare aka haɗa su da bawul, ana iya ɗaga su ko a sauke su. Ka sassauta ƙaramin sukurun da zaren ya zagaye a kan hannun bawul, ka saita madannin daidai tsayin da yatsanka ke so, ka ɗaure. Sau da yawa madannan sun yi sama ne da yawa, shi ya sa wuyan hannu ke lanƙwashewa. In kuma yatsun ne ba sa kaiwa, ana liƙa ɗan faifan ƙarfe a bakin kowane madanni ya ƙara masa tsawo. A Amurka har tsabar kuɗi suke liƙawa. Ita ma ƙugiyar ana cire ta a matsar, dalma ce ke riƙe da ita, aikin 'yan mintoci ne ga wanda ya iya.

Sai dai ka ce ƙahon na ƙungiya ne. Duk abin da zai kawo wuta kusa da shi, sai da izinin shugaban makaɗanku.

Ɗalibi a Jamus:
Barkanku da warhaka. Ni da nake nan ina ganin duka biyun kullum a ajinmu, bari in bayyana yadda kowanne yake, don a san abin da ake zaɓa.

Ƙafar agwagwa ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake kafawa a jikin bututu, sama da inda manuniya take. Yana zama a kan gindin manuniya, a lungun da ke tsakaninta da babban yatsa. To nauyin sai ya bar ƙaramin yatsa ya koma kan ƙashi mai ƙarfi. A nan an fi sanin na kamfanin Alexander da ke Mainz, waɗanda suke ƙera kayan kiɗa tun 1782, masu hon ɗin nan samfurin 103 da ya cika ƙungiyoyin kiɗan Jamus. Akwai wanda ake liƙawa da dalma, akwai wanda ake matsewa da sukuru. Masu kyan cikinsu suna naɗewa su kwanta, don akwati ya rufu.

Shi maɗauri fata ce da ke zagaye bayan hannu. Kana zura hannu, ƙahon ya rataya a jikin hannun gaba ɗaya, ko ka saki yatsu duka ba zai faɗi ba. Wanda ya yi suna shi ne maɗaurin Clebsch, sunan Hans Clebsch ne, mai busa hon a ƙungiyar kiɗa ta Cleveland. Shi yana buƙatar a liƙa masa ɗan ƙarfen da zai kama. Akwai kuma irin su Fhrap da ake naɗawa a jikin ƙahon ba tare da wuta ba.

Ni ƙafar agwagwa nake amfani da ita. Amma a halin da Auta yake ciki, maɗaurin da ba ya son dalma shi ne farkon abin gwadawa.

Baba Sajan:
To, na ji bayani. Ga abin da nake tsoro, kuma ba don tsufa nake faɗa ba. Yaro in sauti na sama ya gagare shi, me yake yi? Yana jawo ƙahon ya danne leɓe. Da ƙaramin yatsa yake jawowa, kuma ƙaramin yatsa yana gajiya, sai ya yi masa ciwo, ciwon ya tuna masa cewa ya danna da yawa. Yanzu ka ba shi maɗauri, ya samu damar jawowa da damtse gaba ɗaya. Hannu ya huta, leɓe ya shiga uku. Leɓen da aka saba dannewa ba ya daɗewa a fili, kafin a gama taken ƙasa da maci biyu ya kumbura. Wannan fa?

Ɗalibi a Jamus:
Baba, wannan magana ce mai nauyi, kuma malaminmu ma yakan ja mana kunne a kanta. Maɗauri yana ba mutum ƙarfin jawowa, haka ne. Amma ina ganin wanda ke danne leɓe zai danne ko da me ya riƙe. Maganinsa a iska yake da atisayen dogon sauti. Kuma akwai ɗaya gefen: hannun da ke ciwo yana ƙanƙamewa, ƙanƙamewar ta hau kafaɗa, ta kai wuya, maƙogwaro ya matse. Da na daina jin ciwo a hannu, numfashina ya fi sakewa.

Baba Sajan:
Ban ƙi ba. Amma malaminku yana tsaye a kanka yana gyara ka. Yaranmu da yawa babu mai tsaya musu, daga bidiyo suke koyo.

Anti Fisiyo:
Ku ba ni dama in shigo, ni ba hon nake busawa ba, kilarinet ce tawa, amma gashin ƙashi da jijiya shi ne aikina a asibiti.

Auta, kalmar da ta tsaya mini a saƙonka ita ce "yatsan ya mutu". Gajiya daban, mutuwar yatsa daban. Akwai jijiya da ke saukowa ta bayan gwiwar hannu, wadda in ka bugu a wurin kake jin kamar lantarki, ta ratsa ta gefen wuyan hannu, ita ke ba ƙaramin yatsa da rabin yatsan zobe ji. Daidai wuraren da ka lissafa ke nan. Lanƙwasa gwiwar hannu na tsawon lokaci, da karya wuyan hannu zuwa gefen ƙaramin yatsa, da matsi a gefen tafi, duk suna takura mata. Wannan ba abin da juriya ke warkarwa ba ne. Baba, ka yi haƙuri, a nan ba zan bi ka ba: tsoka tana ƙarfi da atisaye, jijiya kuwa ba ta sabawa da matsi.

Batun bawul na uku ma yana da tushe. Jijiyoyin da ke motsa yatsan zobe suna da haɗi da na maƙwabtansa a bayan hannu. In ƙaramin yatsa ya ƙage yana ɗauke da kaya, yatsan zobe ba zai samu 'yancinsa ba. Kowa ya gwada yanzu: ka danne ƙaramin yatsa da ƙarfi a kan tebur, ka yi ƙoƙarin kaɗa na zobe da sauri.

Abin da nake so ka duba a duk abin da za ka zaɓa: wuyan hannu ya miƙe daidai da damtse, kada ya karye ko ta wane gefe. In abu ya ɗauke nauyi amma ya tilasta maka karya wuyan hannu, ka canza ciwo ne kawai. Sannan in mutuwar yatsan tana daɗewa bayan ka ajiye ƙahon, ko tana tashinka da dare, ko ka ga abu yana suɓuce maka, ka je a duba ka, kada ka jira.

Autan Sashe:
Anti na gode ƙwarai. Yana sakewa bayan na ajiye da ɗan lokaci, bai taɓa tashina da dare ba. Na yi gwajin Malama kuma: ƙaramin yatsana yana faɗuwa ne kafin ƙugiyar, sai na miƙa shi sosai yake shiga.

Malama Talatu:
Ka gani ko. Ƙugiyar ce ta yi maka nisa.

Baba Sajan:
'Yata, a kan jijiya ke ce mai ilimi, na karɓa. Ni dai ina nan a kan batun hannun dama da batun leɓe.

Na Damagaram:
Sannunku da hira. Tambaya gare ni, ku gafarce ni in ta fita daga layi. Ni a wajenmu alto nake busawa, kuma da dama nake danna bawul, haka kakakin turawa, haka tuba. Me ya sa shi hon kaɗai aka ɗora wa hagu wannan wahala? Ba a iya juya shi?

Ɗalibi a Jamus:
Tarihi ne ya jawo, Yaya. Hon ya daɗe ba shi da bawul ko ɗaya. A tsakiyar ƙarni na 18 masu busa, musamman wani Hampel a Dresden, suka inganta dabarar sa hannu a cikin ƙwarya suna toshewa suna buɗewa don samun sautukan da bututun ba ya bayarwa. Wannan aikin mai laushi hannun dama aka fi ba wa. Da Stölzel da Blühmel suka yi rajistar bawul a 1818, dama ta riga ta samu aikinta, sai bawul ya faɗo wa hagu. Har yau kuma hannun dama yana gyara sauti da kaurinsa a cikin ƙwarya, shi ya sa ba a fitar da shi ba. Wannan ma wani abu ne da zan ƙara a kan maganar Baba: in an zo inda za a toshe ƙwarya gaba ɗaya, ko a sa abin rage sauti, ko a juya takarda, hannun dama yana barin ɗaukar kaya, nauyin duka ya dawo hagu. A wannan lokacin ne tallafi ke nuna amfaninsa.

Kofur Mai Hon:
Ni na yi amfani da duka biyun, bari in faɗi abin da masu talla ba sa faɗa.

Ƙafar agwagwa: in ba a saita ta daidai ba, tana cin gindin manuniya. Ƙarfe ne a kan ƙashi. Wurin yana yin ja, har ya yi kanta, wani ma manuniyar ce ke koma mutuwa. Sai an naɗa mata fata ko roba mai laushi. Kuma bambancin daɗi da azaba bai wuce kaurin tsinken ashana biyu ba, shi ya sa wadda ake iya juyawa da matsarwa ta fi wadda aka liƙe dindindin. Alherinta shi ne hannu yana shiga yana fita ba shamaki. A fareti wannan ba ƙaramin abu ba ne: a ce ƙaho sama, ƙaho ƙasa, kowa a lokaci ɗaya.

Maɗauri: ya fi taushi nesa ba kusa ba, don nauyin yana bazuwa a bayan hannu, ba a wuri ɗaya yake taruwa ba. Amma ku tuna da zubar da ruwa. Mu masu hon kullum cikin juya ƙaho muke muna zare bututu muna zubar da ruwan da ya taru. Da maɗauri sai ka zare hannu, ka juya, ka mayar da hannu, kuma wani lokacin hutun da aka ba ka a takarda gajere ne. Sai zufa. A zafin Maris da Afrilu fatar tana jiƙewa sharkaf, ta saki, abin da ka saita da safe ya zama sako-sako da rana.

Ni a ƙarshe maɗauri na zauna a kai, saboda zaman atisaye ya fi fareti yawa a rayuwata. Ranar fareti ina sassauta shi sosai.

Autan Sashe:
Oga Kofur, da maɗaurin kana barin ƙaramin yatsa a cikin ƙugiya ko kana fitar da shi?

Kofur Mai Hon:
Ina ɗora shi a kanta kawai, ba na zurawa. Wasu suna cire ƙugiyar ɗungurungum, amma kai kada ka cire, kayan hukuma ne.

Baduku Ɗan Kano:
Jama'a ina ta karantawa ina jira a zo kan fata. Ni tirombon nake busawa amma dukanci gadonmu ne. Don Allah me zai sa a aika kuɗi waje, a biya dala da kuɗin jirgi, a kan tsinken fata? Fatar akuyarmu ta Sakkwato ita ce turawa suka daɗe suna saye suna kiran ta fatar Maroko. A Kofar Wambai babu irin da ba za ka samu ba.

Ga yadda zan yi. A fara ɗinka rigar da ke naɗe wurin riƙo, wadda dama masu hon ke sawa don kare ƙarfe daga zufa, a rufe ta da igiya irin ta takalmi don ta kama sosai. A jikinta a ɗinka maɗaurin, faɗinsa kamar yatsu biyu, da ɗan bakul don a riƙa ragewa ana ƙarawa. Fatar akuya ita kaɗai tana miƙewa, don haka a yi ciki da ta akuya mai laushi, waje da kirgin saniya mara kauri. Ɗinkin inda maɗauri ya haɗu da riga a ninka shi, nan ne duk nauyin yake. Kada a yi awo da tef kawai, a kawo ƙahon da mai ƙahon, ya riƙe, a zana a jikin hannunsa.

Mai Gyaran Kayan Busa:
Shawarar Baduku ta yi, kuma ita ce ta fi dacewa da ƙahon da ba naka ba, don ranar da za ka mayar sai ka kwance abinka. Amma ga gargaɗi biyu daga abin da ke zuwa teburina.

Na ɗaya, rigar fata tana kare ƙarfe ne in ana cire ta. In aka bar ta wata da watanni, zufa tana shiga ƙarƙashi ta zauna, gishirinta ya ci fentin sheƙi, tagullar ta yi kore, har ta fara ramuka. Ka riƙa kwancewa kana gogewa da busasshen ƙyalle kana shanya fatar a inuwa. Bakul ɗin kuma kada ya taɓa jikin ƙahon.

Na biyu, kuma wannan da babbar murya: in ta kai ga dalma, kada a kai hon wurin mai walda ko mai gyaran lagireto. Ba raina sana'arsu nake ba, wutarsu ce ta fi ƙarfin aikin. Jikin hon siriri ne ƙwarai, kuma gaɓoɓinsa da dalma mai saurin narkewa aka haɗa su. Zafi ya yi yawa kaɗan, sai maƙalan da ke kusa su saki, wani lokacin har bututun baki ya goce. An taɓa kawo mini wanda aka je matsar da ƙugiya kawai aka dawo da shi yana zubar da iska ta wuri uku. Ko a hannun gwani, fentin wurin zai ɗan ƙone, a san da wannan tun farko.

Ita ma ƙafar agwagwa mai sukuru ba lafiya lau ba ce. In aka matse ta da ƙarfi tana lotsa bututu. A sa 'yar fata a ƙarƙashin maƙalin, a ɗaure a hankali.

Malama Talatu:
Akwai abin da ba a ambata ba, babban yatsa. Auta, ƙahonka in ba ka danna komai ba a F yake ko a B filat?

Autan Sashe:
A F yake Malama. Kuma yawancin macin da muke yi a B filat nake busa su, don haka babban yatsana kusan kullum a danne yake.

Malama Talatu:
To ka ga wani ɓangaren ciwon. Babban yatsa yana dannawa ta nan, ƙarami yana ja ta can, hannun ya zama matsi tun daga farkon waƙa har ƙarshe. Yawancin hon ana iya juya bawul ɗin babban yatsa ya zauna a B filat, sai in kana son F ka danna. Oga Mai Gyara zai tabbatar.

Mai Gyaran Kayan Busa:
Haka ne, a da yawa daga cikinsu sauya ɗaurin zare ne ko juya hannun bawul, babu wuta. A Turai ma da yawa haka suke barin nasu. Sai dai kai zai ɗan rikice kafin ya saba, kuma in akwai wani da kuke karɓa-karɓa da ƙahon, sai kun yi shawara.

Wurin da bawul ɗin yake ma yana da tasiri a riƙo. A ƙirar Kruspe, irin su Conn 8D da Holton samfurin Farkas, yana sama kusa da babban yatsa, wurin ya ɗan cushe. A ƙirar Geyer yana can bayan bawul na uku, da dogon sanda ake kai masa. Shi ya sa maɗaurin da ya zauna daram a wannan ƙahon zai iya tokare madanni a wancan. Kada kowa ya sayi abu don ya gan shi a hannun wani.

Baba Sajan:
Juya bawul ɗin nan ban so shi ga mai koyo ba. Sautin F shi ne asalin sautin hon, yaro ya fara zama a kansa. Amma wannan wata muhawarar ce, kada in karkatar da zance.

Ɗalibi a Jamus:
Don cikar bayani, akwai hanya ta uku ga wanda ciwonsa ya kai kafaɗa ko baya: sandar da ke ɗauke nauyin gaba ɗaya daga hannu. Pip Eastop, wani mai busa hon a Ingila, ya ƙirƙiro wadda ake kira PipStick, tana tokare a cinya. Kamfanin ErgoBrass na ƙasar Finland ma yana yin irin nasa. Ga mai zama a ƙungiyar kiɗa suna da amfani, amma ban ga yadda za a yi maci da su ba, kuma matsalar Auta ba ta kai can ba.

Autan Sashe:
Manyana, ga inda na tsaya. Na yi magana da shugabanmu. Bai yarda a taɓa ƙugiya ba, amma ya yarda a sauke madannai kuma a sa rigar fata. Na sauke su kamar yadda Oga ya kwatanta, wuyan hannuna ya fi miƙewa. Baba, na lura da hannun dama, na gyara zamansa, nauyin ya ragu sosai a tsaye. Yatsan dai yana ɗan mutuwa har yanzu saboda nisan ƙugiyar. Don haka maɗauri zan yi. Yaya Baduku, zan neme ka ta akwatin sirri.

Baba Sajan:
Madalla. In ka sa shi, ka riƙa duba leɓenka a madubi bayan atisaye. In ka ga zoben bakin busa ya fito ja ya daɗe bai ɓace ba, jawowa kake yi.

Anti Fisiyo:
Kuma kada ka ɗaure shi tamau. Ya zama yatsa ɗaya na iya shiga tsakanin fatar da bayan hannunka. Ka riƙa sauke ƙahon a cinya duk inda aka ba ka hutu a takarda, ka miƙe gwiwar hannun.

Malama Talatu:
Yaya Baduku, ni ma ina da buƙata. Yarana suna karɓa-karɓa da ƙaho biyu ne kacal, hannuwansu kuma ba ɗaya ba, daga 'yar shekara 11 har babbar budurwa. Maɗauri ɗaya zai iya yi musu duka?

Baduku Ɗan Kano:
Zai yi Malama, amma ba da bakul mai ramuka ba, don tazarar rami da rami ta yi wa hannun yaro yawa. Zobba biyu zan sa, irin waɗanda ake zura fata a ja ta tsaya duk inda aka so. Faɗin kuma a rage shi, na manya zai hau kan gaɓoɓin yatsunsu ya hana su lanƙwasawa. Kowace yarinya a yi mata alama da zare mai launi a jikin maɗaurin, ta ja zuwa alamarta. Ki turo mini hoton wurin riƙon kowane ƙaho ta gaba da ta baya, da zanen hannun ƙaramar cikinsu da na babbar a kan takarda.

Mai Gyaran Kayan Busa:
Malama, ga 'yar shekara 11 ɗin, in akwai hon mai ɓangare ɗaya a ma'ajiyarku, ko tsoho ne, ki kawo in duba shi. Ya fi sauƙin nauyi sosai, kuma in na F ne ba shi da madannin babban yatsa da zai sa ta baje hannu. Ta yi shekara ɗaya ko biyu a kansa kafin ta hau mai ɓangare biyu.

Malama Talatu:
Akwai ɗaya, bawul na biyu ne ya maƙale. Zan aiko da shi ranar Asabar in Allah ya kai mu.